An ce sai 'yata ta iya tuƙi a kwamfuta kafin a ɗora ta a keken lantarki. Haka ake yi?

Maman_Ummi ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina karanta hirarku a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai buƙata ta kawo ni.

'Yata shekararta shida. An haife ta da raunin ƙwaƙwalwa irin wanda ke sandarar da gaɓoɓi, wanda likitoci ke ce wa CP. Ba ta takawa sai da abin dafawa, shi ma taku kaɗan ne a cikin ɗaki, kuma sai an riƙe mata ƙugu. Hannun hagu a dunƙule yake. Na dama ne take kama abu da shi, amma da zarar ta yi murna ko ta firgita sai shi ma ya miƙe ya ƙage. A ma'aunin nan mai matakai biyar da ake auna motsin irin waɗannan yara, a mataki na huɗu aka sa ta. Magana tana yi, a hankali, duk wanda ya saba da ita yana ganewa. Wayo kuwa sai dai mu ce alhamdu lillahi, har ya so ya yi yawa.

Keken turawa take ciki, inda ka ajiye ta nan za ka dawo ka same ta. Cibiyar da muke zuwa fiziyo sun ce ana iya gwada ta da keken guragu mai batir, amma sai ta fara koyon tuƙi a kwamfuta tukuna. Tsarin nasu haka yake: tebur ne da babban allo, an ɗaure sandar tuƙi a gefen dama, ita kuma a zaunar da ita a kujera a gaban teburin. A allon za ka ga kamar kana cikin gida, ga falo, ga doguwar baranda, ga ƙofofi, har da lif. Idan ta tura sandar sai hoton ya motsa. Kwamfutar na ƙirga karon da ta yi da bango da lokacin da ta ɗauka, kuma ma'aikacin ya ce sai karon ya ragu sosai kafin a yi maganar keken gaske.

To ga abin da Ummi take yi. Da an kunna sai ta danna sandar zuwa dama ta yi ta kewayawa wuri ɗaya, hoton na juyawa ita tana ƙyalƙyala dariya. In an ce ta je ƙofa, wani lokacin takan nufi can, amma da ta gano cewa karo da bango yana sa na'urar ta yi wata ƙara, shi ke nan, bangon take nema da gangan. Ribas kuwa ba ta gane kansa ba ko kaɗan. Ba a jimawa sai kanta ya fara langaɓewa gefe, ta ce ta gaji.

Abin da nake son sani, shin wanda ya iya a kwamfuta yana iyawa a keken gaske? Kuma wannan kewaye-kewayen nata alama ce ta cewa ba ta kai ba? Ƙanin babanta ya ce a samo mata irin tabaraun nan da ake rufe ido da shi mutum ya ga kamar yana cikin wurin, ta riƙa yi a gida. Ni kuma ina ɗari-ɗari domin tana da farfaɗiya, ko da yake magani ya riƙe ta. Shi kuwa babanta tsoronsa daban ne, gani yake in ta ɗanɗana keken da ke tafiya da kansa ba za ta ƙara yarda ta taka ƙafarta ba. Duk wanda ya san abin nan don Allah ya taimaka min da bayani.

Anti_Mai_Fiziyo ta rubuta:

Wa alaikumus salam Maman Ummi. Allah ya ƙara mata lafiya. Aikina ke nan, koya wa yara masu irin wannan lalura zama da motsi, kuma abin da kika kwatanta ban ga wani abin tashin hankali a ciki ba.

Yarinyar da ta gano cewa in ta danna nan duniya na juyawa, in ta doki bango ƙara na fita, kuma take maimaitawa da gangan tana dariya, ta riga ta kama abu mafi wuya, wato ta san hannunta ne ke jawo abin da ke faruwa. Akwai wani ma'auni da Lisbeth Nilsson ta ƙasar Suwidin da Josephine Durkin ta Ingila suka fitar a 2014, ana ce masa ALP, wanda ya kasa koyon tuƙin irin wannan keke zuwa matakai takwas. A matakan farko yaro bai ma san shi ke motsa keken ba. Daga nan sai ya gane, sai ya shiga wasa da abin, ya yi ta kewaye, ya yi ta karo don ya ga me zai faru. Sai can gaba ne yake fara cewa ga inda nake son zuwa. Ummi tana tsakiyar hanya ne. Duk yaron da na taɓa gani ya iya tuƙi sai da ya bi ta wurin nan, wasu sukan daɗe a ciki, wasu su wuce da sauri.

Amma ki lura da abu ɗaya in kun koma. Kewayen nan kullum zuwa dama ne? In haka ne, mai yiwuwa ba zaɓinta ba ne gaba ɗaya. Hannun da ke ƙagewa yana da inda yake ja, kuma in an ɗaure sandar can gefe, yarinya ta miƙa hannu ta kai gare ta, nauyin hannun kaɗai ya isa ya kwantar da ita gefe guda. Ga kuma zaman. Kin ce kanta na langaɓewa. A wace irin kujera ake zaunar da ita? In ba a tallafe mata ƙugu da ƙirji ba, rabin ƙarfinta yana tafiya ne wajen hana kanta faɗuwa, abin da ya rage ne take tuƙin da shi. Ki roƙe su su bar ta cikin kujerarta da ta saba, a ɗaure mata bel ɗin ƙugu, ƙafafunta su taka wani abu.

Yanzu maganar kwamfutar kanta. Ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1990 Dean Inman da abokan aikinsa a jihar Oregon ta Amurka suke gwada koya wa yara tuƙin keke ta wannan hanya. Jami'ar McGill da ke Kanada tana da tata manhajar mai suna miWe, a Faransa ma Jami'ar Lorraine ta ƙera wata. An ga alamun cewa abin da aka koya a allo yana taimakawa a keken gaske, sai dai yawancin binciken a kan mutane kaɗan aka yi shi, kuma da dama daga cikinsu manya ne. Inda na fi ganin amfaninta shi ne maimaita abin da ke da wuya ko haɗari a gwada a zahiri, kamar shiga lif da baya ko tsallaka titi, sai kuma gwada wace gaɓa yaro zai fi iya tuƙi da ita, hannu ne ko haɓa ko kai.

Abin da ba ta iya bayarwa shi ne jiki. In keken gaske ya tashi, yaro yana jin fizgar a bayansa da cikin kunnensa, yana jin girgizar injin a cinyarsa. Ga yarinya irin Ummi wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kin ce da ta firgita hannun yake miƙewa. Keke ya fizga, hannu ya miƙe, miƙewar ta ƙara tura sandar gaba, keken ya ƙara gudu. Wannan shi ne ainihin abin da za ta koyi sarrafawa, kuma ko shekara za ta yi a gaban allo ba za ta haɗu da shi ba, tunda kujerar ba ta motsi. Sannan allo gaba kawai yake nuna mata. Mutum a zahiri yana hango gefe da gefe har kusan digiri 180, yana kuma waiwayawa. Shi ya sa ribas a kwamfuta yake ba har manya wahala.

Saboda haka ni ban yarda a mai da kwamfuta ƙofar da sai an wuce ta ba. Ba a koyon iyo a kan tabarma. A farkon shekarun 1980 Charlene Butler ta ba yara 'yan wajen shekara biyu zuwa uku kekunan lantarki a Amurka, aka bar su suna wasa da su a gida iyayensu na kallo, kuma akasarinsu suka iya. Babu wata kwamfuta a lokacin. Ko gwajin da aka fi sani na duba ƙwarewar yaro, wanda asibitin Rancho Los Amigos na Kalifoniya ya tsara mai ayyuka 34, a cikin keken gaske ake yin sa. Akwai ma wani tsohon gwaji na 1963 da Richard Held da Alan Hein suka yi da 'ya'yan kyanwa biyu-biyu, ɗaya na tafiya da ƙafarta, ɗaya na cikin kwando ana jan ta, duk abu ɗaya suke gani. Wadda ta yi tafiyar da kanta ce ta koyi gane zurfi da nisa. Yara ba kyanwoyi ba ne, amma mu masu wannan aiki muna yawan tuna shi idan muka ga yaron da kullum tura shi ake yi.

Ki gaya wa Baban Ummi ya kwantar da hankalinsa. An yi gwaji a Amurka, an buga shi a 2012, da yara 'yan wata 14 zuwa 30, aka ba wasu keken lantarki wasu ba a ba su ba, kuma ba a ga keken ya rage musu ci gaban motsin jiki ba. A ci gaba da fiziyo da abin dafawar kamar yadda aka saba.

Tabaraun kuwa, kada a saya sai likitan da ke duba farfaɗiyarta ya yarda. Ko ba farfaɗiya ma, kamfanonin da ke yin su ba su yarda a sa wa 'yar shekara shida ba, kuma nauyinsu a gaban fuska yake, ga wuyan da dama yake gajiya.

Direban_Kaina ya rubuta:

Hajiya, ni ba likita ba ne, mai keken ne. Tun ina yaro nake tuƙa shi, yanzu har furfura ta fara leƙowa. Bari in faɗi abin da ba ya cikin kwamfuta.

An taɓa gayyata ta in gwada irin wannan manhaja don in ba da ra'ayi. Ni da nake shiga banɗakin da faɗin ƙofarsa bai fi keken da ɗan yatsa biyu kowane gefe ba, in juya in fito ban taɓa fenti ba, a allon nan sai da na yi ta dukan ƙofa. Ga jiri, ga tashin zuciya, domin ido na cewa ana tafiya jiki na cewa a zaune ake. Da da wannan makin za a yanke min hukunci, da an ƙwace keken.

Mai tuƙa keke da jikinsa yake auna wuri. Na san inda matakin ƙafata ya ƙare ba tare da na kalla ba, kamar yadda kika san inda yatsun ƙafarki suka ƙare. Shi ne ke fara dukan komai, shi ne ke samun idon sawun mutane. Na san in na tsaya zan koma baya, ƙananan tayoyin sai sun juya tukuna, kuma a juyawar nan keken yakan ɗan goce gefe, saboda haka ba na tsayawa dab da bango. Na san ƙarar injin in ya hau darduma daban, in ya hau tayil daban, na san dokin ƙofar da zan tunkara kai tsaye da wanda zai girgiza ni har haƙora. Wannan duk karo ne ya koya min. Ƙofofin gidan da na taso har yau akwai shaidata a jikinsu.

Sai roƙo biyu da zan yi miki a madadin Ummi, tunda ni na taɓa zama a inda take.

Ku rage surutu a kanta. Babu abin da ke rikita yaro kamar mutum uku a tsaye, wannan na cewa dama, wancan na cewa a'a hagu, wani na ihun tsaya tsaya. 'Yar shekara shida ma da yawa ba su gama rarrabe dama da hagu ba ko da lafiyarsu ƙalau. Ki je ki tsaya inda kike so ta zo, ki ce zo nan, sannan ki yi shiru ki ba ta lokaci. In ta maƙale a kusurwa kada a yi saurin ciro ta, a bar ta ta yi ta gwadawa har sai ta nemi taimako da kanta.

Na biyu, kada kowa ya riƙa kai hannu kan sandar tuƙinta ba tare da ya tambaye ta ba, ko da ke ce. Ranar da ta fara tuƙi, keken ya zama jikinta. Har yau in wani ya kama min sanda wai zai gyara min tsayuwa, ji nake kamar an ɗauke ni cak an ajiye wani wuri.

Kuma ki shirya, ranar da ta iya, za ta gudu daga wurin wanka, za ta juya miki baya in kin yi mata faɗa. Uwata ta ce ba ta taɓa jin daɗin rashin kunya irin tawa ta ranar ba.

Mai_Sifana ya rubuta:

Ni gyara da saita kekunan nan nake yi, don haka ta ɓangaren ƙarfe zan yi magana.

Tambayar farko da za ki yi musu: sandar da ke jikin kwamfutar irin ta keken ce, ko ta wasan gem ce? Ba ɗaya ba ne. Ta keke gajera ce, taurinta daban, kuma gwargwadon yadda ka tura ta gwargwadon gudun da za ka samu. In yarinya ta saba da wata doguwa mai laushi, ranar da ta hau keke sabon koyo za ta fara. Na'urorin sarrafa keke na zamani irin su R-net da LiNX wasunsu suna da Bluetooth, ana iya sa sandar keken kanta ta riƙa motsa abu a kwamfuta. In akwai wannan, ya fi, domin tana zaune a keken da za ta tuƙa, hannunta na kan abin da za ta riƙe gobe.

Tambaya ta biyu, wane irin keke manhajar take kwaikwaya? Akwai mai manyan tayoyi a baya, akwai mai su a tsakiya, akwai mai su a gaba, kuma kowanne da yadda yake shan kwana. Mai tsakiya yana juyawa a inda yake tsaye. Mai baya sai ka ɗan wuce bakin ƙofa kafin ka karya. Mai gaba kuwa da wuri ake karyawa, kuma bayansa ne ke fita waje ya share abin da ke gefe. In ta koyi wani a allo aka ba ta wani a zahiri, za a ce ta manta, alhali ba ta manta komai ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne kusan komai na keken nan ana saita shi. Gudun gaba daban, na baya daban, na juyawa daban, yadda yake tashi da yadda yake tsayawa duk daban. Ga mai koyo ana sauke gudu ƙasa da tafiyar mutum, a rage saurin juyawa sosai, shi ne ma zai rage wannan kewayen. Ana iya sa shi ya yi watsi da 'yar rawar hannu. Amma a nan akwai tarko: wasu don tsoro sai su sassauta tashin keken har ya zama yaro ya tura sanda, sai an ɗan jima kafin ya motsa. To yaron sai ya kasa haɗa turawarsa da motsin, ya saki, ya ce ba ya aiki. Ana so ya amsa nan take amma a hankali.

Kan sandar ma ana canza shi. Yaran da hannunsu ba ya buɗewa sosai, wani ƙwallo ya fi masa, wani mai siffar T, wani mai kama da ƙaho biyu wanda ake kwantar da tafin hannu a tsakiya. Kuma ba dole sai a gefe ba, ana ɗora ta a kan faranti a tsakiya, daidai cibiya. Yara masu CP da yawa da an dawo da ita tsakiya sai ka ga tafiya ta miƙe.

Ta fuskar tsaro, da an saki sanda keken na tsayawa da kansa, birkinsa na kamawa. Akwai kuma 'yar na'urar da babba ke riƙewa a hannu ya kashe keken daga nesa, ki tambaya ko suna da ita. Abu ɗaya da nake gargaɗin kowane gida a kai: akwai wani hannu a jikin injin da ake saukewa don a tura keken da hannu. In an sauke shi babu birki. Kada a taɓa shi a kan gangara yarinya na ciki, kuma a nuna wa ƙannenta cewa ba abin wasa ba ne. Keken nan, haɗe da batiransa biyu, ya fi yarinyar nauyi nesa ba kusa ba.

Abban_Sadik ya rubuta:

Na karanta duka, kuma ban ƙi abin da Anti da sauran suka faɗa ba, amma kada a yi wa kwamfutar rashin adalci. Mu ta yi mana rana.

Ɗana ciwon nan na raunin tsoka gare shi, Duchenne. Ya yi tafiya da ƙafarsa har ya kai wajen shekara goma sha ɗaya kafin ƙafafun su gaza. Da aka kawo maganar keken lantarki ƙi ya yi ƙememe, ko kallonsa ba ya son yi, domin a wurinsa hawa keken na nufin an gama. A gaban allo ne ya sauko, saboda a ganinsa gem ne. Ya yi ta shiga lif yana fita, yana gasa da makinsa na jiya, har ya fara yi wa ma'aikaciyar gardama a kan ta inda ya fi dacewa a shiga ƙofa. Ranar da ya hau na gaske ba wanda ya lallashe shi. Tsallaka titi ma a can ya fara, inda in mota ta buge ka sai dai a sake kunnawa.

Sai dai na yarda yanayinsu ba ɗaya ba ne da Ummi. Shi ya riga ya san nisa da kwana da ƙafarsa, hannunsa kawai yake koya wa sabon aiki. Ita kuwa ba ta taɓa kai kanta ko'ina ba, komai sabo ne.

Kuma 'yar uwa, in kin je kada ki tafi da faɗa. Sau da yawa keken gwaji ɗaya ne a wuri, yara na layi, ga ma'aikaci na tsoron a ji ciwo a hannunsa. Ki ce masa kina so a haɗa biyun ne, a yi kwamfuta a kuma ba ta ɗan lokaci a keken a fili, ke za ki tsaya. Da wuya ya ƙi.

Ga masu ƙananan yara da ke karantawa, ba sai an jira shekara shida ba. Akwai shirin Go Baby Go da Cole Galloway ya faro a Jami'ar Delaware ta Amurka, inda ake gyara motocin wasan yara masu batir a sa musu babban maɓalli da abin tallafe jiki. A Ingila kuma akwai ɗan keken da ake kira Wizzybug, na yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Maman_Ummi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Abban Sadik na yi magana da lalama, kuma ma'aikacin bai musa ba. Ashe kujerar ofis ce suke sa mata filo a baya. Yanzu a kujerarta take yi, an kuma dawo da sandar tsakiya, kewayen ya ragu da kansa.

An ɗora ta a keken gaske a babban ɗakin motsa jiki, an jingina katifu a bango. Yadda Anti ta faɗa haka ya faru. Keken na tashi ta zaro ido, hannun ya miƙe, ta tafi ɗoɗar har sai da ta dangana da katifa. Ta yi tsit, leɓenta na rawa, na ce yanzu za a fashe da kuka. Sai ta kalle ni ta ce, "Mama, matsa." Wai na tare mata hanya.

Matsalar yanzu ita ce tsayawa. In an ce ta tsaya sai ta ƙara damƙe sandar. Ta yaya ake koya wa yaro ya saki?

Anti_Mai_Fiziyo ta rubuta:

Madalla da Ummi. Saki ya fi kamawa wuya ga hannun da ke ƙagewa, kuma ihun "tsaya" firgita ta yake yi, firgitar ce ke ƙara damƙewar. Ku daina faɗar kalmar da ƙarfi. Ku ce mata "ɗaga hannu" cikin murya ta yau da kullum, ko a manna wani abu mai launi a kan farantin kusa da sandar a ce ta taɓa shi, domin ba yaro wani abin yi ya fi sauƙi a kan a ce ya bar abin da yake yi.

Ku mai da shi wasa. A kunna kiɗa ta tafi, a kashe ta ɗaga hannu, ke ma ki tsaya cak kamar gunki don ta yi dariya. Ko ki riƙe wani abin da take so, wanda sai ta saki sandar za ta iya karɓa da wannan hannun. Ki fara tun tana nesa da bango, kada tsayawar ta zama ta gaggawa. Wannan wasan ana iya yin sa a kwamfutar ma, kuma a nan tana da amfani, tunda babu fizgar da za ta tayar mata da hannu.

Ki sa mai saita keken ya duba kan sandar, in ƙwallo ne ƙarami wanda yatsunta ke rufewa a kai, a gwada mai faɗi wanda tafin hannu ke kwanciya a sama. Zama gajere-gajere sau da yawa ya fi dogo guda ɗaya, ku tashi tun kafin kanta ya fara langaɓewa. Na'urar kashewa daga nesa ta zauna a hannunki, kuma kada a kusanci matakala ko gangara tukuna.